Ɗigo a Ƙarƙashin Kwalekwale

La'asar ta yi a Agege,
ruwa bai ɗauke ba tun hantsi,
kwata ta cika har ta leƙo zaure.
Na naɗe tabarma, na shimfiɗa buhunan goro,
yara sha ɗaya suka shigo da takalma a hannu,
babu wanda ƙafarsa ba ta jiƙe ba.

Na ja alif a baƙin allo.
Mudassir ya ce falwaya ce,
irin ta ƙofar gidansu da ba ta kawo wuta.
Na ja ba, na ɗiga mata ɗigo a ƙasa.
Tawa, 'yar mai kifi, ta ɗaga yatsa:
kwalekwale ne, Malama, irin na Makoko,
ga dutsen da aka jefa masa cikin ruwa,
shi ya sa bai tafi ba.

Ba-guje muke ce mata a Kazaure.
Haka na karɓa a gaban kakana,
da alƙalamin gamba, da tawada mai ƙaro.
Nan alli ne, damina ta sa shi laushi,
yana karyewa kafin in kai ga jim.
Na dubi harafin, na dubi yarinyar,
ban gyara mata ba.

Mun gama babbaƙu, yau farfaru.
Harafi ba wasali bebe ne, na ce musu,
yana da baki, ba ya gaida kowa.
Wasali bisa: ku wage baki
kamar yaron danfo mai kiran Oshodi. Ba!
Wasali ƙasa: ku ja leɓe
kamar an ba ku alewa an ce kar ku faɗa. Bi!
Rufu'a kuwa, ku tattara baki,
koko ya yi zafi, ku hura shi. Bu!
Sai ga jirgin ƙasa ya taho da kukansa,
kwanon rufi na rawa, buta na rawa,
bakuna sha ɗaya na buɗewa suna rufewa
kamar tarwaɗa a cikin daro,
ko ɗaya ban ji ba.

Da ya wuce Nafi'u ya ce, Malama,
ba na sani, a ba ni.
Bi na sani, in bi yayana.
To bu fa, aikin me take?
Na ce jiran 'yan'uwanta take,
in sun iso ta zama buta, ta zama buhu.
Wani daga baya ya ce burodi!
Dariya ta ƙwace mini ajin,
ni ma ban tsira ba.

Akwai wadda ba ta cikin rajista.
Kullum tana bakin taga kafin a tashi,
faranti a ka, leda a kafaɗa,
wai ta zo ɗaukar Tawa.
Warin banda ke fara sallama kafin ita.
Sati uku ina ganin leɓenta na motsi,
in na waiga sai ta shiga gyaran gammo
kamar ba ita ba.

Yau da yara suka watse ta shigo fakewa.
Ta ga guntun alli a ƙasa, ta ɗauka,
ta juya shi kamar mai duba kifi.
Ta ja kwalekwale a gefen allo,
hannu na rawa, gindinsa ya karkace,
ta ɗora ɗigon a sama.
Tawa ta ce, Iya, wannan ai nun ce.
Ta kama babban yatsan nan mai kaushin gishiri,
ta sauko da shi ƙasa a hankali,
ta ja ɗan wasali a bisa.
Uwar ta kalli ƙofa, ta kalle ni,
murya can ƙasa, ta ce: ba.

Ta bar mini kifi biyu a takarda.
Ruwa ya tsagaita, an kira magariba,
janareton maƙwabta ya tashi.
Na ɗauko tsumma zan goge allo,
na goge alif, na goge jim,
gefen can ban taɓa ba.