Wuta, Iska, Kwastan

Daren Asabar a Kajaani, rana ta ƙi faɗuwa.
Ƙarfe goma, haske na leƙe ta labule
kamar baƙon da ya manta hanyar gida.
Ina kicin da wa'azin gobe,
shafi uku da suka cinye mini mako guda,
Murna na gefe da jan biro,
'yar shekara tara tana ba ubanta maki.

"Baba, ja shi. Tuuli. Iska ke nan.
In ka gajarta, tuli, wuta ce.
In ka danne harshe, tulli,
ka kai mu wurin masu binciken kaya a iyaka."

Na ce ai mu ma haka muke,
akwai garin zama, akwai garin tuwo.
Na faɗa mata sau biyu.
Ta ɗaga kafaɗa. Kunnenta bai raba su ba.
Na mai da ido kan takarda
don kada ta ga inda abin ya soke ni.

Shekara goma sha biyu na yi a kan mumbari.
In na buɗe baki, mai gyangyaɗi kan gyara zama.
Yanzu ina taka jimla
kamar mai tsallaka tafkin da ya daskare,
kowane taku ina jiran ƙarar tsagewa.

Lahadin Fentikos. Mutum goma sha tara,
kowa da bencinsa.
Na zo daidai wurin, na ja numfashi,
na shaida wa jama'ar Allah da babbar murya
cewa Ruhu ya sauko musu kamar kwastan.

Ba wanda ya yi dariya. Nan ba a yi.
Veikko ya yi tari ɗaya.
Murna ta nutse cikin littafin waƙoƙi har kunnuwa.
Rifkatu kaɗai ta ce Amin da ƙarfi,
ita da ta kwana a gidan tsofaffi tana juya marasa lafiya,
ta san kalmar ciwo, kalmar matashi, kalmar sannu,
ba ta kai ga wannan ba tukuna.

Wajen shan kofi na laɓe bayan tukunya.
Sai ga Kerttu da sandarta,
tamanin da uku, hannu kamar busasshen ganye.
Ta riƙe ni, tana magana a hankali
yadda ake yi wa yaro da baƙo.
"Fasto, haka ya zo mini.
Ya buɗe jakunkunana duka.
Ya tarar da fushin da nake yi da ƙanwata,
shekara arba'in a naɗe a ƙasan kaya.
Bai ce in biya komai ba.
Ya dai ce wannan ba zai wuce ba."
Ta ɗauki biredinta ta tafi.
Har yau ban sani ba, ta'aziyya ce ko shaida.

Da yamma Kaka ta kira.
Murna ta ce mata ina kwana,
tsohuwa ta yi dariya har wayar ta karkace,
sannan shiru ya shiga tsakaninsu,
shirun da ba laifin layi ba ne.
Habila ya yi addu'ar abinci,
rabi da harshenmu, rabi da na makaranta,
ya rufe da Amin, wadda ba ta bukatar fassara.

Bayan sun ci, na ɗebo garin semo a tafin hannu,
na kai Murna bakin taga,
na nuna mata rufin gidaje da hasumiyar majami'a.
Wannan gari. Wannan kuma gari.
Ta gwada, ta kuskure.
Ta sake gwadawa.

Na miƙa hannu na karɓi jan biron.