Haƙorin Mardiyya

Mun sauka a tashar Auyo ana kiran la'asar,
akwati shida, katifa a naɗe, yara biyu suna gyangyaɗi.
Mai babur ya dube ni ya ce, "Alhaji baƙo ne?"
Na ce ɗan gidan Maigyaɗa ne, na bayan masallaci.
Ya ce bai san gidan ba.
Ban ga laifinsa ba,
ran da na tafi ko kaciya ba a yi masa ba.

Shekara goma sha huɗu a Gabon
ina gyaran agogo a bakin teku,
ina saita wa mutane lokacinsu,
nawa yana tsiyaya kamar gero a ɓulallen buhu.

An sare durumin ƙofar gida,
shagon cajin waya ne a gurbinsa.
Mashigin da muke iyo, kacalla ta cinye shi.
Iya Tabawa ce kaɗai ba a taɓa ba.
Ido ya yi yana, sai ta karanta fuskata da tafin hannu,
ta ce, "Ka yi furfura a inda ban gani ba."
Ta jawo Sagir, "Angona, ina tsarabata?"
Ya amsa mata da Faransanci.
Tsakar gida ta kwashe da dariya,
ya ɓuya a bayan zanen uwarsa har magariba.

Zinatu can aka haife ta, Hausarta ta zango ce.
Ta san kifin teku, ba ta san kuka da daddawar nan ba.
Na same ta a bakin murhu ido jawur.
Ta ce hayaƙi ne.
Itacen kuwa busasshe ne, ban ce komai ba.

Masu sannu da zuwa suna satar kallon akwatuna,
a zatonsu kuɗi ne ya yi nauyi haka.
Biyu daga ciki matattun agogo ne
waɗanda masu su ba su dawo karɓa ba.

Baffa Ɗanjuma ya kai ni fadama.
"Rabonka daga wancan gawon zuwa suri."
Na tuna iyakar ta wuce surin da taku ashirin,
amma wanda ya yi shekaru bai ɗauki gawar kowa ba
ba shi da bakin ƙirga taku.
Kwana uku da fartanya,
hannun da ya saba da ƙwayar agogo ya yi bororo.

Wani dare Iya ta nuna bayan ɗakinta da sanda:
"Nan aka binne cibiyar ubanku, gefen randar nan."
Mardiyya ta juyo gare ni,
"Baba, tawa fa?"
Na tuna asibitin, da farin tayil,
da wata ma'aikaciya da ta fita da ƙullin leda.
Na ce, "Tana nesa."

Sati biyu bayan nan haƙorinta ya faɗi
tana gaigayar rake.
Yaran maƙwabta suka ce ta jefa shi kan rufi,
ta rufe baki kada ƙadangare ya ga giɓin.
Ta rufe bakin, amma ba ta jefa ba.
Ta ɗauki cokalin uwarta,
ta tona ƙasa a gefen randa,
daidai inda sandar Iya ta nuna,
ta ajiye shi, ta mayar da ƙasa, ta daddanna.

Tun ranar kowace safiya,
kafin in fita fadama,
ina ganinta tsugune da buta tana ba shi ruwa.
Zinatu ta tambaye ni jiya
ko za mu gaya mata haƙori ba ya tsirowa a ƙasa.
Na ce mu bari tukuna,
damina ba ta faɗi ba.