Kek Na Huɗu

A hawa na tara, a Bengaluru,
yau ma mun yanka kek,
na huɗu ke nan tun faɗuwar damina.
Tejaswi ke riƙe da wuƙar.
Ya cire katin shaida daga wuyansa
kamar mai sauke tulu.

Shekara uku yana gadin na'urorin wani banki
can inda gari ke wayewa in namu ya yi duhu.
Ƙarfe uku na dare waya ta yi kuka, shi ne.
Lissafi ya rikice, shi ne.
Ranar da 'yarsa ta fara tafiya
a bidiyo ya gani.

Na ce, "Za a ƙara maka kashi ashirin."
Ya ce, "Madam Vasanthi,
bara na tambaye ki ina zan kai nan da shekara biyar,
aka ba ni kofi mai tambarin kamfani."
Na yi shiru.
Ba a fafe gora ranar tafiya.

Litinin za a kawo sabon yaro,
sai ya yi wata shida
kafin ya san inda tsofaffin kurakurai ke kwana.
Abin da Tejaswi ya sani ba ya cikin fayil,
tare za su shiga lif.

Ya bar mini shukar kan teburinsa,
wai ruwa kaɗan, duk Talata.
Na karɓa.
Ban gaya masa ba
akwai wasiƙa daga Pune a jakata,
kwana tara ke nan,
ban sa hannu ba,
ban kuma yaga ba.