Kaset Ɗari da Sha Bakwai

A shagona na bayan 'Yar Kutungu
gyaran rediyo nake yi, su ba na sayarwa ba ne.
Suna can saman kanta,
ɗari da sha bakwai, na ƙirga jiya bayan la'asar,
kowanne a cikin leda saboda gara.

Duk labarinsu ɗaya:
an tsinci jariri, ko an ba da riƙo,
ya girma ya yi gemu, ko ta isa lalle,
sai wata ta yi sallama a zaure
da tabo a hannu, da rantsuwa a baki.

Wani a Mai'aduwa na same shi, naira talatin,
kwalinsa ya sha manja.
Wani Barau direba ya kawo min daga Maraɗi,
zarensa ya tsinke, na liƙe da jan farce.
Alhaji Ɗanbaba ya taso tun daga Funtuwa,
ya zube kuɗi a tebur saboda guda ɗaya.
Na ba shi ruwa ya sha, na raka shi bakin titi.

Ran Juma'a na kai bidiyon gida, na tada janareta,
na ce, Gwaggo Dela, zo ki ga irin namu.
Ta zauna tana ɓarar gyaɗa.
Uwar fim ta faɗi tana birgima,
sarewa na kuka a bayanta.
Gwaggo ta ja tsaki.

"Ƙarya suke. Ranar da aka kawo ka
ina tankaɗe. Talata ce.
Ka zo da zazzaɓi da takalmi ƙafa ɗaya.
Ba wanda ya yi kuka sai kai,
kai ma don na hana ka rariya."

Na ce, ita fa?
"Ta sha fura a tsaye.
Motar Jibiya ba ta jira."
Ta kakkaɓe ɓawo daga zanenta.
"Mayar baya, ban ga ɗinkin yarinyar nan da kyau ba."

Na mayar.

Can da dare mai ya ƙare, gida ya yi duhu,
ta ce in duba ashana cikin tsohuwar kwallarta.
Ina lalube, ƙarƙashin kanwa da carbi,
hannuna ya taɓa roba.
Bai kai tsawon yatsana ba.
An naɗe shi a leda, an ƙulle sau biyu.

"Ka samu?" in ji ta.
Na ce ina dai nema.