Matakala Goma Sha Tara

Ni ne Ɗanjumma, masinjan kamfanin shinkafa
da ke bakin hanyar Argungu.
Shekara ashirin da biyu ina hawa ina sauka,
matakala goma sha tara tsakanin ƙasa da bene,
gwiwata ta san kowacce da suna.

A ƙasa fanka ɗaya ce, tana juyi kamar mai gyangyaɗi,
ƙaiƙayi na shigowa ta taga, ya kwanta bisa takardu.
A sama sanyin na'ura ne, da kafet mai haɗiye sawu,
da Alhaji Sidi, wanda biron aljihunsa
ya fi damina yanke wa gidaje hukunci.

Kulu ta zo mana da kaka, daga Gulma,
difloma cikin leda, takalmin zuwa aiki ƙafa ɗaya.
Ita ke rubuta buhun da ya shigo da wanda ya fita.
Aikin wucin gadi: wata shida a sake sa hannu,
ko a ƙi.

Ran wata Talata ya ce, "Kira mini yarinyar sikeli."
Na kira.
Ran Alhamis ya ce, "Kai mata wannan."
Ambulan ce, ba nauyi,
amma ta fi buhu danne mini kafaɗa.
Ta dube ta, ta dube ni,
ta ce, "Baba, in na mayar fa?"
Na ɗaga kai ina kallon fanka.

Shi dai bai taɓa ɗaga murya ba.
Na ji shi ta bayan ƙofa yana cewa, "Ai ba dole."
Haka kura ke ce wa akuyar da ke ɗaure,
"Shawara ce kawai."
In hannun da ke miƙo maka goro
shi ke sa hannu a albashinka,
da wane baki za ka ce ba ka ci?

Aka fara tashi ƙarfe huɗu a bar ta tana lissafi,
lissafin da ta gama tun azahar.
Akawu suka ce ta sami tsani.
Masu dako suka ce ta iya allonta.
Ba wanda ya ga tuwon da take mayarwa gida
a kula, ko murfi ba ta buɗe ba.

Da zance ya kai hedkwata,
mutum biyu suka zo da mota mai baƙin gilashi.
Suka hau, na kai musu shayi da soyayyar giwan ruwa,
aka yi dariya har la'asar.
Ba wanda ya sauko ya tambaye ta ko da sunanta.

Bayan sati ya ba ni wata ambulan.
"Rage ma'aikata," in ji takarda.
Ma'aikaci ɗaya aka rage.
Ta rufe littafinta, ta ɗora biro a kai,
buhu dubu arba'in, ko ɗaya bai ɓace ba.
A bakin ƙofa ta ce, "Sai wata rana, Baba,"
da ma zagina ta yi.

Jiya an kawo wata, daga Zauro,
difloma cikin leda.
Yau da hantsi ya ce, "Kira mini sabuwar."
Na sauko har matakala ta tara, na zauna.
Saura shekara uku in karɓi sallama.
Ɗiyata Lantana na karatun akawu a Birnin Kebbi,
baɗi za ta fara yawo da tata ledar.

Na tashi, na koma sama,
na ce, "Ranka ya daɗe, ta je asibiti."
Bai ɗago ba. Ya ce, "To, gobe."

Tun ɗazu nake zaune gindin darbejiya
ina ƙidaya ƙaryar da ta rage mini.
Ba ta kai matakalar yawa ba.