Farin Apapa

Tasi'u ya turo mini hoto daga ƙasar sanyi:
benci ɗaya, itace ba ganye,
dusar ƙanƙara ta sauka kaɗan cikin dare,
kamar mai tuwo ta karkaɗe hannunta.
A ƙasa ya rubuta: Baba, wannan kam ba ka taɓa ɗauka ba.

Gaskiyarsa.
Shekara talatin ina bin biki da suna,
ina cewa mutane su ɗaga haɓa.
Sanyin da na sani a Ikko
na cikin firjin mai kifi ne, shi ma in an kawo wuta.

Sai wata Laraba, ana idar da asuba,
Haladu mai gadi ya bugo:
ɗauko kyamara, kar ka tsaya shan shayi.
Tirelar fulawa ta faɗa rami a Apapa,
buhu tara sun fashe,
iskar teku ta yi rabon gado.

Na iske titi ya yi furfura.
Rufin danfo, tulin tayoyi, igiyar shanya,
har kwandon shara ya sami rawani.
Unguwar da ba ta iya shiru ba
ta riƙe numfashi.

Na bi ta bakin kwata, a karkace,
don kada sawuna ya riga ni shiga hoto.
Fari yakan ruɗi kyamara:
in ya yi mata yawa sai ta runtse ido
ta mayar da shi toka.
Na lallashe ta, na ƙara buɗe mata ido.
Na durƙusa.
Ga sawun kaza, ya tafi ya fasa ya dawo.
Ga layin tayar keke, siriri,
ga inda ɓera ya ja wutsiya.
Zufa na ɗiga daga goshina tana huda farin.

Direban na zaune a kan dutse, kai a hannu,
yana ƙirga abin da za a cire a albashinsa.
Girarsa fari fat.
Na ɗaga kyamara, na sauke.
Shi ban ɗauke shi ba.

Kafin rana ta haye gada
Iya Ronke ta fito da tsintsiya da roba,
mata huɗu na bin ta.
Hon ya fara, Ikko ta tuna ko ita wace ce.
Minti ashirin, hunturunmu ya ƙare.

Na tura wa yaron guda uku.
Ya ce: Baba, ina ne nan?
Na ce: bayan tashar da kake hawa mota.
Taku in ta narke ruwa take zama.
Tamu an share, an tankaɗe,
da la'asar na saye ta fanke,
biyu ɗari, da zafinta.