Iri

Kwana uku ina hawa daga bakin kogin Seti,
da jaka, da ambulan saba'in,
da tambayar malaminmu na Katmandu:
jinsi ɗaya ne, ko biyu, ko uku?
Je ka tattaro, mu sa kowa a jeri.

A ƙauyen ƙarshe, inda hanya ta koma ta awaki,
na iske Kalsi Bohara tana murza zare a cinya.
Na ce wiwi nake nema. Ta yi dariya har da tari.

"Wacce daga ciki?
Doguwar can ta bayan ɗaki, mai kara kamar gora,
kakata ta zo da ita ƙulle a gefen mayafi.
Ita ke ba mu igiya, da buhu, da rigar ɗari.
Tsabarta mu soya, mu daka da barkono da gishiri.

"Gajerar nan mai faɗin ganye,
fatake suka zubar a zango tun ina goye.
Ba zare a jikinta, sai danƙo da wari.

"Ta bakin rafi kuwa ba mai ita.
Ƙwayarta ƙanana, masu zane kamar ƙwan fakara.
Ta gida tana riƙe 'ya'yanta sai lauje ya zo.
Ta daji, da sun nuna, sai ta sake su.
Wasu su tsiro bana, wasu baɗi,
wasu su yi kwance a ƙasa suna jiran labari,
don kada dangi ya ƙare a shekarar fari."

Na buɗe littafi, na ja layi uku.
Ta leƙa, ta ja ni gona,
ta girgiza wani namiji da ya yi fure.
Gari rawaya ya tashi, ya haye shinge,
ya bi iska ya gangara sarari.

"Tambaye shi ko ya san layinka.
Namu mazan muna tuge su da wuri.
Na rafi fa, wa zai tuge?
Kowace kaka sai na tsinci baƙuwa a kunyata,
tsayin uwa, halin uban da ban taɓa gani ba.
In ta riƙe tsaba, na ajiye.
In ta zubar, tsuntsu ya samu gari."

Na sauko da ambulan cike, kowanne da lamba.
Wata shida na'ura tana karanta gadonsu.
Bishiyar dangi muka sa rai ta zana mana,
sai ga saƙa, zare ya hau zare,
ta gida a cikin ta daji, ta daji a cikin ta gida.
Malam ya cire tabarau, ya ce a ƙara nazari.

Ambulan na arba'in da ɗaya ya huje a hanya.
Jiya, a tsagar dakalin ofis,
na ga ganye mai yatsu biyar ya leƙo.
Ban san ko ta wace ce ba.
Na zuba mata ruwa, na bar ta a wurin.